Hutun da Halimatu ta bayar

Duk safiya, kafin masu shaguna su buɗe a unguwar Harra ta Yamma a Madina, Halimatu Ɗan'inna ta riga ta tsaya bakin titi tana jiran motar asibiti, ƙullin dabino a jaka, gwiwa na ciwo, baki bai daina addu'a ba. Haka ta yi shekaru tana karɓar haihuwa a wani asibiti da ke Aƙiƙ. Wannan watan ta ajiye aiki. Matan da suka haihu a hannunta sun san faɗanta, don Halimatu ba ta iya lallashi ba. Amma akwai abin da ta yi wanda ko ɗiyarta Rumaisa sai da ta yi fushi a kai.

A azumin shekarar 2024, a ɗakin haihuwa mutum ɗaya kawai aka yarda ya ɗauki hutu a goman ƙarshe, saboda cikar gari da baƙi. Halimatu ce ta samu. Tun tana budurwa take burin yin i'itikafi a Masallacin Annabi, aiki bai taɓa barinta ba, ga gwiwa na ƙara lalacewa.

Sai ta tarar da Marilu tana kuka a ɗakin canza kaya. Marilu 'yar Filifin ce, 'yar Katolika, ma'aikaciyar jinya da ke taya ta aiki. Uwarta na kwance a gida, likitoci sun cire rai. Burin tsohuwar ɗaya ne: 'yarta ta tura ta a keke zuwa coci ranar Idin Albishir, ranar da suke tuna zuwan mala'ika wurin Maryam. Marilu ta nemi hutu a ƙarshen Maris, lokacin da aka saba yin idin. Sai ƙanwarta ta kira: bana ranar ta faɗa cikin makon alhininsu, cocin ya ɗage idin zuwa takwas ga Afrilu.

"Ashe ku ma idinku na yawo?" in ji Halimatu. "Ni na ɗauka mu kaɗai ke jiran wata."

"Mama, hutuna zai ƙare kafin ranar. Idan na tafi yanzu, ba zan kai ta ba. Idan na jira, babu ijaza, ba za a ba ni hutu ba."

Halimatu ta lissafa a ranta. Ranar ta faɗa cikin hutunta. Ta kwana biyu ba ta da sukuni. Idan ta bayar, wa ya ce gwiwar za ta kai baɗi? Kuma mutanen unguwa me za su ce, an bar i'itikafi saboda idin coci?

Da ta ce za ta ba Marilu hutun, Rumaisa ba ta ɓoye fushinta ba. "Ya ummi, lesh? Don me? Shekara nawa kina jira!"

"Halas, na gama magana. Ba idinsu na je ba. Uwa ce ke jiran 'yarta."

Ta je ofis ta sauya, aka ba Marilu hutun. Goman ƙarshe a ɗakin haihuwa ta yi shi, da azumi a baki, kullum tana tambaya ko an ji daga Filifin, tana tsoron kada tsohuwar ta cika kafin ranar. Ana gobe jajiberin Sallah hoto ya shigo wayarta: tsohuwa a keke, ta rame, tana dariya, Marilu a bayanta. Bayan Sallah da kwanaki tsohuwar ta rasu.

Halimatu, ke ce kika ji nauyin uwar da ba ki taɓa gani ba. Ke ce ba ki tsaya tambayar wane kalanda ne daidai ba. Abin da kika ji tsoro kuwa ya faru, gwiwar ta ƙi, zaman kwana goma a masallaci ya fi ƙarfinki yanzu. Mun gode, Allah ya rubuta miki ladan abin da kika yi niyya. Masu riƙe da hutun na ƙasa da su, ku riƙa tambaya wa ke jiransu a gida.

Ranar da ta yi bankwana da asibiti ta ce a kai ta Harami ta yi azahar. Marilu ce ta tura kekenta, har iyakar da wanda ba Musulmi ba yake tsayawa. A nan ta miƙa wa Rumaisa keken, ta tsaya a rana tana kallonsu har suka shige.