Kejin Geza

"Wanga bai yi ba," in ji Malam, yat ture kejin da ƙafa. "Bakin karan da tsini, shina soke mai ido."

Nic ce, "Kai da ba ka da ido, kai ka tsaron na kare?"

Mai saƙa yay yi dariya, yaj jawo wani. Cikin kasuwar Kebbe muke, rumfar masu kwanduna, muna biɗar kejin da za a sa kare don tafiya. Malam mijina na. Shekara fuɗu ke nan da idanunai sunka rufe, kuma tun sannan karenai ka kai shi gona, shi kai shi bakin masallaci, shi kwanta nesa shi jira.

Ɗanmu na fari, da ka aikin asibiti Tambuwal, shi yac ce mu bar Fakku mu koma wurinai. Malam yac ce in babu kare ba ya ɗaga ƙafa. Yaron yaj ja ni bayan rumbu yac ce, "Inna, gidan haya na. Mai gidan ba ya yarda da kare ko a ƙofa." Nic ce, "Ce mai to. Bar min sauran."

Wurinmu ba a sa ma kare suna banza, habaici aka yi da shi. Wata rana mun yi cacar baki da Malam kan wata karsana da yas sayar bai gaya min ba, washegari yad dawo da ɗan kwikwiyo cikin riga, yar raɗa mai Bakinki. Shekara tara ina jin abu guda. Bakinki ya ci kashi. Bakinki na wari. A ɗaure Bakinki, baƙi na tafe. Abokanai na gindin tsamiya suna faɗuwa don dariya. Ko rijiya nit tai, mata su ce, "Ƙaƙa Bakinki yak kwana?"

Keji na biyu na tukurwa na, saƙa buɗe-buɗe. Malam yaz zura yatsu ta ramukkan, yaj ji daɗi. Yac ce, "Wanga na. Iska na shiga, kuma ina taɓa mai kunne in ya firgita."

Ni ko na riga na hangi wanda nika so: na geza, saƙa matse, ko ɗan yatsa ba ya wucewa, ga murfi da igiya.

Nic ce, "Rana fa? Tun daga Fakku bisa mashin? Kana son shi gasu kamar balangu?"

Yaj juyo da fuska wajena. "Yau ke ka tausayinai?"

"Tausayin kunnena nika ji. In ya mutu hanya kai min kuka har lahira."

Yad durƙusa gaban na gezan. Yas sa hannu ciki har kafaɗa, yag gwada tsawo da taƙi, yas shafa kowace kusurwa. Inda yaj ji ƙaiƙayi yas sa mai saƙa yak kankare da wuƙa. Har kumatunai yag goga ga murfin. Mai saƙa yac ce, "Baba, amarya za a sa ciki?" Malam yac ce, "Amarya ba ta kai shi ba." Da kainai yaɗ ɗauko kejin bisa kai, ina riƙe da sandatai.

Ranar tashi, da hantsi, liman yaz zo yar riƙe ma Malam hannu sunka tai sallamar dattawa. Akwai wasu mutane da ka yawon ƙauyuka bisa mashin suna sayen karnuka, na riga na yi magana da su. Sunka zo, da wayar ƙarfe sunka shaƙe ma karen wuya, shina ta jan ƙafa ga ƙasa shina dibin ƙofar da Malam yaf fita. Ko tayi ban tsaya yi ba. Niɗ ɗauko dutsen niƙana ƙarami, nin naɗe cikin buhun da karen ka kwana bisa, nis sa keji, niɗ ɗaure.

Malam yad dawo yas sunsuna murfin. "Mis sa yay yi shiru?"

Ɗan namu yad dibi ƙasa. Nic ce, "Allurar barci yaron ga yay yi mai."

"Allah shi yi maka albarka," in ji Malam.

Yaƙ ƙi a aza kejin bayan wani mashin. Bisa cinyatai yar rungume shi, tsakaninai da ɗan kabukabu. Da munka tsaya Jabo shan ruwa, yat tuɓe rawani yar rufe murfin don rana, shi ko kai sake.

Mun isa Tambuwal bayan azahar. Matar ɗanmu ta yi shimfiɗa, Malam bai zauna ba. Tsakar gida yak kwance igiya, yas sa hannu. Yad daɗe hannun na ciki. Yaf fiddo dutsen, yas shafa shi ciki da baya.

Yac ce, "Ina shi?"

Nic ce, "Kudu. Can suna cin su."

Anka kawo tuwo, yag gutsura loma ta fari yaj jefa hagu, inda karen ka zama kullum. Kazar mai gida tas sure.