Ranar da Kaka Justina ta sa aka kawo zarto

Kakata Justina Neudorf ba ta taɓa yin hoto ba, kuma ta ce ranar da na kuskura na ɗauke ta da wayata, a kwamin aladu zan je in tsinci wayar. Don haka sai dai in kwatanta ta: gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, baƙin ɗankwali ɗaure a ƙarƙashin haɓa, riga mai duhu da ƙananan furanni, hannuwa kamar na maƙeri.

A Meziko aka haife ta. Tana ƙarama mahaifinta ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar, ya biyo jama'ar ikilisiyarsu zuwa dajin da ke gabas da garin Santa Cruz, saboda a Meziko maƙwabta sun fara sa wa tarakta tayar roba, shi kuwa ya ce ba zai zauna ya ga tashin duniya da idonsa ba. A ikilisiyar su Kaka ƙafar ƙarfe ake sa wa tarakta. Da ita za ka yi huɗa lafiya lau, amma ba za ka kai gari yawon banza ba sai haƙoranka sun zube a hanya.

Ta yi makarantar ƙauye har ta iya karanta Littafi Mai Tsarki da tsohon Jamusanci, harshen ikilisiyarsu, daga nan aka ce ya isa. Ta auri Kornelius, mutum marar magana wanda ya iya sassaƙa, ta haifa masa 'ya'ya goma sha ɗaya, ta binne biyu, daga baya ta binne shi. Tana tatsar shanu kafin rana ta fito, ta jera garewanin madara a bakin hanya don keken dokin masu cuku. Litinin wanki. Asabar gashin burodinsu na gargajiya mai hawa biyu. Lahadi tana zaune a ɓangaren mata a majami'a, tana jan waƙa a hankali har sai ka manta da wace kalma aka fara. Sifaniyancinta bai wuce na ciniki ba, amma ba a taɓa cutarta a kasuwa ba. Shanunta duk sunayen dangi take sa musu, ta ce ba da wata manufa ba. Sai dai saniyar nan mai harbi sunan surukarta gare ta.

Mahaifina, Isbrand, shi ne ɗanta na huɗu. Ina ƙarama ya sa wa taraktarsa tayar roba. Dattawa suka kira shi, ya ce bayansa ke ciwo, suka ce ya tuba, ya ce bayansa bai tuba ba. Aka fitar da shi daga ikilisiya, muka koma gari. Wanda aka fitar, ba a cin abinci da shi a teburi ɗaya, ba a karɓar komai daga hannunsa, ko da uwarsa ce. Kaka ba ta yi gardama ba. Duk sanda muka je, sai ta share ɗan teburin da ke bakin ƙofa, wanda ake ɗora bokitin ruwa a kai, ta shimfiɗa masa kyalle mai tsabta, ta zuba masa naman da ya fi na kowa. Ni kuma, da yake ba a yi mini baftisma a can ba, hukuncin bai hau kaina ba, sai in zauna a babban teburi ina kallon ƙeyar ubana. Bai daɗe ba ya daina shiga. Yakan tsaya a tsakar gida su yi hirar ruwan sama da farashin waken suya, ya ce ya ƙoshi. Haka na girma na gan su.

Da na gama jami'a na kai mata labari, ta tambaye ni me na karanta. Na ce aikin jarida.

"Me ake yi a ciki?"

"Ana jin abin da ya faru a gaya wa mutane, Kaka."

"Gulma ke nan. Matar Peter Wall ta iya, ko makaranta ba ta je ba."

Bayan bikin kammala karatun da 'yan kwanaki, muna karyawa, kofi ya suɓuce daga hannun Baba. Na ɗauka wasa yake. Ya dube ni, bakinsa ya karkace, yana son ya kira sunana ya kasa. Ya fito daga asibiti da ɓarin dama a shanye, likita kuma ya ja ni gefe ya ce irin wannan ciwo yakan dawo, kuma ba ya sallama.

Da ya ɗan samu ƙarfi ya ce in kai shi ƙauye. Mama ta ce ita ba za ta iya gani ba, mu je. A mota, da harshensa mai nauyi, ya ce, "Agata, ina so in ci abinci da uwata. In ta nuna mini teburin bokiti, ki juya da ni. Ba zan sake dawowa ba."

Asabar ce, tana bakin tandar tsakar gida. Ta ga yadda yake jan ƙafa, ta ajiye farantin burodi a hankali, ta goge hannu, ta sake gogewa.

"Isbrand, ka rame. Matar nan ba ta ba ka abinci ne?"

"Tana ba ni, Inna. A teburi ma."

Muka shiga. Bokitin yana nan a inda yake, a kan ɗan teburin. Baba ya tsaya yana dogare da ni yana kallonsa, ni kuma makullin mota na damƙe a hannu har ya yi mini shaida. Kaka ta wuce ɗakin ajiya ta tura ƙofa, amma ƙofar ba ta rufuwa sosai. Na hango ta durƙushe gaban buhun fulawa, fuskarta cikin tafukanta. Su ba sa addu'a da murya. Miyar kabeji na ta tafasa, ba wanda ya kula ta.

Da ta fito, ta leƙa taga ta ƙwala wa autanta kira, wanda yake zaune da ita yana riƙe da gonar.

"Abram! Kawo zarto."

"Inna, akwai itacen girki."

"Na tambaye ka itace?"

Baffa Abram ya shigo da zarto. Ta nuna masa babban teburin, ta ja layi da ɗan yatsa mai fulawa daga wannan gefe zuwa wancan.

"Nan."

"Inna! Teburin mahaifinmu ne fa. Da hannunsa ya yi shi."

"Don a ci abinci ya yi shi, ba don a yi masa sujada ba. Yanka."

"In na yanka, kowane ɓari ƙafa biyu zai rage masa."

"Kaza ma da ƙafa biyu take tsaye."

"Kaza ba a ɗora mata tukunyar miya, Inna."

"To kawo garewanin madara, sarkin hikima. Kana da su a rumfa suna hutawa."

Katakon ya yi taurin kai irin na mai shi. Baffa ya yi gumi sharkaf, yana yanka yana ba marigayi haƙuri. Aka tokare kowane ɓari da garwar madara, aka cusa tsofaffin buhuna don tsayin ya daidaita. Kaka ta matsar da ɓangarorin biyu har suka kusa haɗuwa, ta bar tsagar da ɗan yatsanta zai shiga, ta gwada da kyau, domin ba ta son ta cuci Allah ko da kaurin gashi. Sannan ta shimfiɗa leda ɗaya a kan duka biyun.

Ƙarar zarto ranar Asabar ba ta ɓoyuwa a ƙauye. Muna zama sai ga Om Jakob (Om suke kiran masu wa'azinsu), mai wa'azin da gonarsa ke jikin ta Kaka, da dogayen takalmansa. Dama shi lokacin abinci yake tuna maƙwabta. Ya ga Baba a zaune, ya tsaya cak, hularsa a hannu.

"Justina, me nake gani?"

"Ɗaga ledar ka gani da kyau, Om."

Ya ɗaga. Ya ɗauki wuƙar burodi ya zura a tsagar, ya ja ta daga farko har ƙarshe, ba ta taɓa komai ba. Ya leƙa ƙasa ya ga garewani.

"Wannan wayo ne."

"Teburi nawa ka ƙirga?"

"Biyu. Amma..."

"Ni ma biyu na ƙirga."

"Dole in kai maganar gaban dattawa ranar Alhamis."

"Kai musu. Ka ce ni na sa, Abram zarto kawai ya riƙe. In sun ce in tsaya gaban ikilisiya in ba da haƙuri, zan tsaya, ƙafafuna lafiyarsu ƙalau. Yanzu ga burodi da zafinsa, za ka ci ko wa'azi za ka yi?"

Om Jakob ya dubi ɓarin nan, ya dubi wancan, ya dubi Baba ya daɗe. Sun yi makaranta tare. A ƙarshe ya ɗauki burodi biyu ya ci a tsaye, a jikin taga, don kada ya yi kuskuren teburi.

Muka sunkuyar da kai, aka yi shiru na addu'a. Baba ya ɗauki cokali da hagu. Hannun na rawa, ɓarin teburinsa ma na rawa, miyar ta zube a kan leda kafin ta kai bakinsa. Ya sake gwadawa, ta sake zubewa. Na yunƙura zan tashi.

"Zauna, 'yar gulma," in ji Kaka.

Ba ta karɓi cokalinsa ba, don wannan karɓa ne daga hannunsa. Wani ta ɗauko daga aljihun teburi, wanda Allah ya sa ya faɗo a ɓarinta. Kujerarta ba ta gusa daga gefenta ba. Hannu kawai ta miƙa ya tsallaka tsagar. Ta hura, ta kai masa baki.

"Buɗe. Kana yaro ma haka ka wahalar da ni a kan kabeji."

"Har yanzu ba na son sa, Inna."

"Ban tambaye ka ba."

Ya cinye kwanon tas, ta ƙara masa, ya cinye. Haɓarsa ta yi maiƙo, ta goge masa da gefen rigar aikinta. Om Jakob ya mai da hankalinsa kan kajin da ke waje, kamar bai taɓa ganin kaza ba.

Da za mu tafi, Baffa Abram ya durƙusa zai zare garwar da ke ƙarƙashin ɓarin Baba.

"Kai, me kake yi?"

"Inna, shanu za a tatsa. A ina zan zuba madarar?"

"Akwai bokiti, akwai tukwane, akwai baho."

"Masu cuku ba sa karɓar madara a baho!"

"To ka yi wa teburin ƙafafu. Kafin nan kada ka taɓa shi. Asabar mai zuwa ma yana nan tafe." Ta juyo wajen Baba, wanda nake ƙoƙarin shigar da ƙafarsa mota. "Ka ji ko, Isbrand? Kuma kabeji zan sake yi."