Yankan kwana uku na Yaya Dogara

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Dogara a bayan coci a Godogodo. Ni ba marubuci ba ne, aji uku na yi, sauran rayuwata ta ƙare a gyaran layin dogo a Kafanchan. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya.

Yaya yana maganin gyambo da ɓawon wani ƙaramin itace na bakin rafi, wanda ko suna ba shi da shi a Hausa. Ba ya ɓarewa kai tsaye. Sai ya tsaga jikinsa da wuƙa, mu koma gida, bayan kwana uku mu sake takowa ya ɓare. Tafiyar mil huɗu ce, ni ke riƙe buhu, ina mita. Yakan ce, "Itacen da bai ji ciwo ba, ina ya san maganin ciwo?" Na ɗauka surutun mutanen da ne.

Yau rafin nan duk gonar citta ce. Itacen saura biyu.

'Yarsa Rifkatu tana jami'a. Ta yanki ganyen itacen, ƙanƙane kamar farce, ta raya shi cikin kwalba, ba ƙasa ba ruwan sama. Da Yaya ya gani, da ya yi dariya har ya zauna. Sai dai da ta gwada shi kan ƙwayoyin cutar gyambo, ko gezau ba su yi ba. Shekara biyu tana abu ɗaya. Da Kirsimeti ta zo a rame, ta ce, "Baba, ina jin maganin ya bi shi kabari."

Na ce, "Ubanki ma wahalar da mu ya yi ta yi." Na ba ta labarin yankan, don dai ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ajiye cokali, ta ce in maimaita.

Watan jiya wasiƙarta ta zo. Ta tsattsaga na cikin kwalbar, ta jira kwana uku, ta sake gwadawa, ƙwayoyin sun fara ja da baya. Ta ce da sauran aiki, kada in yi ta yaɗawa. Ga shi na yaɗa.

Rashin sani ya fi dare duhu. Shekara ashirin ina bin mutumin nan, ban taɓa tambayarsa komai ba sai yaushe za mu koma gida. Bai bar littafi ba, bai bar gidan kwano ba. Abin da ya rage nasa, a cikin mitata aka tsince shi.