Kowa Ya Ce Basir Ne

A lokacin ni magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, ina noman rani a Watari, tumatir da albasa, kuma ni kaɗai nake ɗaga buhun taki in ɗora a babur. Da na fara ganin jini in na zaga bayan gida, kunya ta hana ni gaya wa mai ɗakina, sai na tsegunta wa abokai a majalisa. Dariya suka yi, wai wane Bahaushe ne ba shi da basir. Kafin a tashi an haɗa ni da wani mai magani da ke zuwa ranar kasuwa da lasifika a kan mota.

Har yau in na tuna mutumin nan raina ɓaci yake. Bai tambaye ni komai ba, ya miƙo jarka. Na koma na ce jinin ya ƙaru, ya ce dattin ciki ne ke fita. Na ce ina ramewa, wando ba ya zama a ƙuguna, ya ce basir mai tsiro ne, ya sauya mini jarka. Da na yi zancen asibiti kuwa, kawuna ya ce likitoci yanka kawai suka sani, kuma namiji ba ya buɗe wa baƙo tsiraicinsa a kan basir. Haka na yi ta ɗirkar jiƙo har ranar da na yanke jiki na faɗi a cikin kwamin albasa.

A asibiti a Kano aka ce ciwon daji ne na hanji. Na ce wa likitan ai wannan ciwon tsofaffi ne. Ya ce yanzu ana ganin sa a matasa, kuma cikin abubuwan da masana ke zargi akwai wasu ƙwayoyin cuta da ke zama a hanji, wataƙila tun yarinta, suna fitar da gubar da ke lalata ƙwayoyin halittar wurin a hankali. Ba duk mai su ke kamuwa ba, ni ma ba zai rantse su ne sila ba. Sannan ya dube ni ya ce, “Malam, da ka zo tun farkon ganin jinin, aikin ƙarami ne.”

An yanke hanjin, an liƙa mini ledar bayan gida a gefen ciki. Na yarda da ƙaddara, amma ban yafe wa masu yanke wa mutum hukunci a kan benci ba, ba su san komai ba sai ƙarfin baki. Don Allah, duk wanda ya ga jini, ko cikinsa ya sauya ya ƙi komawa daidai, ya je a duba shi, kunyar ba ta wuce ta 'yan mintuna ba. Ni yanzu 'yata ƙarama in ta rugo za ta faɗa jikina, hannu nake sawa in tare ta, kuma ba ta san dalili ba.