Ranar da Na'ura Ta Mayar wa Abokina da Muryarsa

Ko da zan manta ranar da na ajiye alli bayan doguwar hidimar koyarwa, ba zan manta yammacin da muka shiga ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon garinmu, Gure, ni da wani abokin aikina ba.

Ga asalin maganar. Tun ina darektan lekol, wato makarantar boko, na tsara wata waƙa ta kiran yara zuwa karatu. Kowane baiti nawa ne. Sai dai Allah bai ba ni maƙogwaro ba, ya ba abokin nan nawa, wani mushe, kamar yadda muke kiran malamin lekol, ɗan garin Kelle da ke koyarwa a ƙarƙashina. Shi ke rera ta kowace safiya, har gari ya riƙa kiranta waƙar Mushe. Ban taɓa yin gyara ba, don bai dace da girmana ba, amma na ƙudura a raina cewa tsufa zai raba gardama. Ya kuwa raba. Muryarsa ta dushe, numfashinsa ya gajarta, tawa kuma tana nan da kaurinta kamar turmi.

Sai rediyo ta so waƙar ta zama taken shirin iyaye. Mai haɗa sauti tsohon ɗalibinmu ne, magidanci har da furfura a gemu. Ya ce kowannenmu ya rera, a ɗauki wadda ta fi. Na sa babbar riga na tafi, ina da yaƙinin bana tawa ce.

Abokina ya fara, muryar tana rawa, tana faɗuwa a ƙarshen kowane baiti. Na sunkuyar da kai kamar mai tausayi. Na rera tawa ba tangarɗa. Ɗalibin ya zuba duka biyun cikin wata manhaja a ordinatarsa, wato kwamfuta, mai yanka sauti ta rarraba shi a kan maɓallai farare da baƙaƙe, kowane maɓalli da guntun baitinsa.

"Me za ka yi wa wannan kakin tsofaffi?" in ji abokina.

"Ka yi haƙuri kaɗan, Mushe," ya ce. Ya murɗa wani ɗan da'ira, wanda ya ce shi ke ɗaga sauti ko ya sauke shi. Duk inda muryar ta zame ƙasa, sai ya ɗan tallafo ta. Sannan ya gyara ƙarfin bugu: in an taɓa maɓalli a hankali murya ta fito da taushi, in an danna da ƙarfi ta buɗe. Da ya kaɗa, wallahi muryar nan ce ta filin lekol ta dawo, wadda mata masu tafiya rijiya kan tsaya su saurara. Abin da na yi shekaru ina jiran tsufa ya rushe, na'ura ta gina shi kafin shayinmu ya huce.

"Darekta," abokina ya ce yana dariya har da tari, "ka ji mawaƙinka ya dawo!"

Na ce da ɗalibin cikin natsuwa, "A yi wa tawa abin da aka yi wa tasa." Ya ɗaga ta, ta koma kamar ta ɗan akuya. Ya sauke ta, ta zama gurnanin raƙumi. Ya mayar da ita inda take, ya ce cikin ladabi, "Darekta, taka ba ta karkace ba, babu abin miƙewa." Na fahimci abin da bai faɗa ba. Na'ura tana mayar wa mutum abin da ya ɓace masa, ba ta ba shi abin da bai taɓa mallaka ba.

Ya gwada haɗa mu, sai ga wani abu: da maɓallina ya yi ƙara, na abokina ya ɗauke. Ashe an saita manhajar a kan murya ɗaya, sabuwa na kashe ta gabanta. Na ce a bar ta haka, ai ko a aji mutum biyu ba sa magana tare.

Abokina ya daina dariya. "A'a, ɗana, buɗe ta biyu. Sa tasa a ƙarƙashin tawa. Inda numfashina ya yanke, shi ne zai riƙe baitin."

Aka yi haka. Aka sassauta bugun tawa, aka kwantar da ita ƙasa, tasa tana yawo a sama. Ban so in yarda ba, amma waƙar ba ta taɓa cika irin ta ranar ba.

Har yau ana sa ta. Kwanan baya a kasuwa wani mutumin Gidigir ya ce mini, "Darekta, ka ji yadda muryar Mushe ta ƙara nauyi da tsufa?" Nauyin nan nawa ne. Na buɗe baki, na tuna girmana, na ce, "Na ji."

Abin da na koya shi ne, Allah ya raba baiwa, bai kuma raba yabo daidai da ita ba. Mai shiga ɗaki rufi yake ɗaga kai ya yaba, ba ginshiƙi ba. Na karɓi zama ginshiƙi, amma kada wani ya ce mini ba ya jin nauyi.