A Ƙara Masa Ƙarfi

Ƙafata ta hagu ta ajiye aiki ne bayan kaka, ko takardar sanarwa ba ta rubuta ba. Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ɓarin jiki, in gode wa Allah da abin ya tsaya iya nan. Na gode. Hannu ya dawo, baki ma ya dawo har ya fi da, in ji matata. Ƙafa ce ta dawo rabi: takan kai ni masallaci da sanda, amma ba ta iya tokare babur in ya karkata. Ni kuwa shekara ashirin da 'yan kai ina hawa babur daga Karaye zuwa gonar mahaifinmu a bayan Beli duk Asabar da Lahadin damina. Sauran ranaku ina ofishin gona na ƙaramar hukuma, ina koya wa manoma abin da suka fi ni sani.

Da ruwa ya sauka Yayana ya zo daga ƙauye. Ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, ya sake tambayar jiki, sai na san da magana a bakinsa.

"Na sa an huɗe gonar, an zuba gyaɗa da dawa," ya ce. "In ka iya zuwa ka tsaya a kan noman firi, gonarka ce kamar kullum. In jiki bai bari ba, a ba ɗan baffanmu aro, kai kuma ka huta."

Na ce, "Yaya, ban gaji ba. Zan zo."

Ya ce ai shi ma bai ce na gaji ba. Raina ya ɓaci, kuma na rasa wanda zan ɗora wa, tunda mutumin alheri yake nufi. Aron gona a danginmu mun san shi. Ana bayarwa da damina ɗaya, jikoki su zo su tarar ana cewa gonar gidan wane.

Abin da ya kai ni ga babur mai ƙafa huɗu ke nan. A Kano na same shi, wajen masu sayar da motocin hannu, an ce ɗan wani mai hali ne ya yi wasa da shi ya gaji. Hujjata guda ce: ba ya faɗuwa in ka tsaya. Da aka sauke shi daga a-kori-kura a ƙofar gidana, unguwa ta taru. Wani ya ce tarakta ce aka yaye da wuri. Wani ya tambaya ko na yara ne, na ce eh, ni ne yaron. Irin na tsere ne, ja, ga ƙara kamar injin niƙa, totur ɗinsa ba murɗawa ake yi ba, da babban yatsa ake dannawa. An yi shi ne don matashi mai neman karaya, ba don mai neman gona ba.

Na kai shi wajen bakanikenmu na bakin kasuwa, mutum mai furfura a gemu wanda kowa ke kira Injiniya, ni ma haka. Ya zagaya shi sau biyu, ya leƙa ƙasa, ya ce, "Malam, me za a yi masa?"

Abin da nake so na san shi sarai. Ina so ya ja a hankali cikin yashi da taɓo ba tare da ya mutu ba. Ina so ya daina dukan ƙuguna. Ina so in rage taɓa giya, don da ƙafar hagu ake sa ta, kuma ɗaga ta sama ake yi da kan yatsu, abin da ƙafata ta daina yi. Amma akwai mutane a benci suna shan rake, sai na buɗe baki na ce, "A ƙara masa ƙarfi."

Ya ce an gama.

Bayan kwana uku na karɓa, na kama hanya da hantsi. A kan kwalta kam sai san barka, har na wuce wata bas ta 'yan Kano. Da na sauka hanyar amalanke labari ya sha bamban. Duk ɗan dutsen da taya ta taka sai na ji shi a haƙorana. Kowane rami ya bi ta ƙugu ya sauka a ƙafar da ba ta da lafiya, don ciwo bai ajiye aiki tare da ita ba. Da na iso rafin da ake tsallakawa, na rage gudu, yashi ya riƙe tayoyi, na nemi giya da ƙafa na rasa, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Ina nan zaune a tsakiyar yashi wani bawan Allah ya zo da amalanken shanu. Ya gaishe ni cikin ladabi, ya ɗaura igiya, shanu biyu suka ja ni har bakin kwalta. Bai yi dariya ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi.

Washegari na dira wajen Injiniya da faɗa a bakina. Ya bari na gama.

"Malam, ƙarfi ka ce," in ji shi. "Duk wanda ya zo nan ya ce ƙarfi, abu biyu yake nufi, gudu da buhu. Farantin sarƙa na gaba haƙori goma sha huɗu ne, na sa mai goma sha biyar don gudu. Shokazoba uku ne, na matse zobensu har ƙarshe, yanzu zai ɗauki buhu uku na masara bai durƙusa ba. Tayoyi kuma na sa mai faci ya cika su."

"Buhun a ina za a ɗora shi? Ko kariyar ɗora kaya ba shi da ita."

"Wannan kuma ba ni na ƙera shi ba."

Na duba benci, ba kowa. Na ce masa ƙafar ce ba ta aiki, ba ta ɗaga giya, ƙugu kuma ba ya jure duka. Wallahi faɗin wannan ya fi jan shanun nan zafi.

Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ai na gani tun ranar da ka kawo shi, na ga yadda ka sauko. Amma kai babba ne. Ba ni zan fara faɗa ba."

To, ka ji. Ni girman kai ya hana ni faɗa, shi kara ta hana shi, ƙuguna ya biya mana duka biyu.

Daga nan aikin gaskiya ya fara. Ya aika Kano aka nemo faranti mai haƙori goma sha uku. Ya ce rage haƙori ɗaya a gaba daidai yake da ƙara kusan uku a baya, kuma ba zai taɓa na baya ba, don in ya yi faɗi zai riƙa shan dutse. Gudu zai ragu, ja zai ƙaru. Na ce ba tsere zan je ba. Ya ce da ma.

Shokazoba kuwa da karan dawa ya auna su. Ya ɗaga bayan babur ɗin har tayoyi suka bar ƙasa, ya tsayar da kara daga gatarin taya zuwa ƙasan kujera, ya yi alama da farce. Ya sa na hau na zauna yadda nake zama, ya sake alama. Tsakanin alamun ko faɗin yatsa biyu babu. Ya sassauta zobe da guduma da ɗan ƙarfe, na sauka, na hau, ya auna. Muka yi ta yi har nauyina ya riƙa cin kusan kashi ɗaya cikin uku na lanƙwasar sifirin. Sai da ya sassauta ya kusa kai ƙarshe, ya ce, "Malam, ka rame fa." Na ce ya kula da aikinsa. Ya sace iskar tayoyi har babban yatsa yana shiga. A ƙarshe ya yi wa sandar giya waldar ɗan ƙarfe ta baya, irin na baburanmu na gida, don in danna da diddige maimakon ɗagawa.

Mako biyu muna gwaji a hanyar Kurugu, ina gaba yana bina a nasa babur. Mu tsaya, ya juya zobe rabin zagaye, mu ci gaba. Shokazoban gaban dama ya fi na hagu tauri, yana ja na gefe, sai da muka kwana biyu kafin mu gane. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba tun da na kwanta, kuma ban gaya masa ba.

Ranar noman firi na fita bayan na karya kumallo. Kekuna biyu suka wuce ni a kwalta, ban damu ba. Na shiga rafi a giya biyu, yashi ya kama, babur ya yi gurnani ya fita abinsa. Ramuka suka zama lilo. Na iso bakin gona rana ba ta yi zafi ba, na tarar da Yaya tsaye, 'yan ƙwadago sun sunkuya da fartanya. Ya dube ni, ya dubi babur, ya ce, "Sannu da zuwa. Ka cika alkawari." Daɗi ya kama ni har na ji kunyar kaina.

Ina zaune a kai na hango wani wuri can tsakiyar gona inda ganyen gyaɗar ya yi ruwan ɗorawa. Ko ƙwari ne, ko ruwa ne ya kwanta, ba a sanin wannan sai an juya ganye an duba bayansa. Babur ba zai shiga shuka ba. Na sauka, na ɗauki sanda. Kunyoyin huɗar shanu ne, masu tsayi, ƙasa kuma ta sha ruwa. Na tsallake ta farko, na tsallake ta biyu da ta uku. A ta huɗu sanda ta nutse, ƙafar ta ƙi tashi, na zauna daɓas a kan gyaɗa. Wurin da nake nufi yana gaba da kunya talatin ko fiye.

'Yan ƙwadago suka ci gaba da noma kamar ba su gani ba, Allah ya saka musu. Yaya ya zo ya tsuguna kusa da ni, bai miƙo hannu ba, ya tsinke wata ciyawa yana juya ta. Duk tsawon gyaran nan hanya muke ta lissafi, ni da Injiniya, ba wanda ya tuna cewa in an iso sai an sauka.

Na ce, "Yaya, a ba ɗan baffan namu aron."

Ya ce, "Ba dole yau ba."

"Yau ɗin. Amma ka gaya masa, baɗi in zai huɗa, ya bar mini faɗin da babur ɗin nan zai bi a gefen gabas, daga bakin hanya har ƙarshen gona. Kada ya shuka komai a wurin."

Yaya ya ce zai gaya masa. Sannan ya tashi ya tsallaka kunyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya tsinko ganyen gyaɗar da ta yi ɗorawa, ya kawo mini inda nake zaune in duba.