Ledar Sun-im

Bong Sun-im mace ce da ba ta cire leda daga jikin sabon abu. Rimot ɗin talabijin ɗinta shekara tara yana cikin ledarsa, haka katifar baƙi, haka tukunyar lantarkin da 'yarsu Hye-suk ta aiko daga Seoul. Ta taso a shekarun yunwa, kuma irinsu in ka ce musu abu don amfani aka yi shi, kallon mara tarbiyya suke maka.

Ita ke riƙe da makullin zauren tsofaffi na ƙauyensu, can gindin duwatsun Taebaek. Da sanyi ya kama, mutum ashirin ke cusuwa ɗaki ɗaya saboda ɗumin daɓen da ake ɗumamawa ta ƙasa. A rufe tagogi, a ɗora miya, a gasa kifi, a yi ta gardama. Mijinta Tak Yong-chil ya yi shekara ashirin da shida a ramin kwal, ya fito da huhun da ba ya jure komai. Amma a zauren nan yake jin shi mutum ne. Nan ake buga janggi, darar ƙasarsu, nan abokan raminsa uku da suka rage suke.

Bara tari ya kwantar da shi a asibiti kwana goma sha ɗaya. Likita ta ce kada ya ƙara zama cikin taro sai iskar ɗakin ta gyaru. Bana aka kawo wa zauren na'urar tace iska mai tayoyi, da ɗan ma'auni na bango mai fitila: shuɗi lafiya, ja akwai ƙura da hayaƙi. Sun-im ta kafa doka, sai fitilar ta yi shuɗi tsoho zai taka zauren.

Fitila kuwa ta kafe a ja. Ta gungura na'urar daga wannan lungu zuwa wancan, tana goge ta safe da yamma. Daga nan ta juya kan maƙwabciyarta Mal-ja.

"Mal-ja, kifinki ne. Fitar da shi waje."

"Kifina ya tsare miki wani abu ne? Shekara talatin muna gasawa, ba wanda ya mutu sai wanda kwanansa ya ƙare."

Kullum da azahar takan kai wa mijin kwanonsa gida, ta tarar yana buga janggi shi kaɗai, ya matsa nasa ya matsa na abokin da ba ya nan.

"Yau wane launi?"

"Ja."

Sai ya mayar da kai kan allonsa, kuma wannan ya fi tarin ci mata rai.

Ran kwana ashirin da huɗu sai ga shi a ƙofar zauren da sandarsa, hanci a rufe da takunkumi.

"Baban Hye-suk, so kake ka kashe ni?"

"Minti biyar, tsohuwa."

Ya zare zare ɗaya daga mayafin wuyansa, yadda suke yi a rami in suna son sanin ko iska na tafiya, ya riƙe a bakin na'urar. Inji na ta gurnani, zare da ƙyar yake motsi. Ya durƙusa ya buɗe bayanta. Ga matatar nan fara sol, a naɗe cikin ledarta kamar yadda ta fito daga kanti.

Mal-ja ta dubi fuskar Sun-im.

"Ni ce," in ji Sun-im, murya ƙasa ƙasa. "Ranar da aka kawo na buɗe na gani. Na ce kada ta yi datti."

Kunya ta rufe ta, da baƙin cikin kwanakin da ta ci masa da hannunta. Yong-chil bai yi dariya ba. Ya miƙa mata matatar. Ta daɗe tana neman bakin ledar don kada ta yage, har ta gaji ta sa haƙori.

Aka mayar, aka kunna, mutum ashirin suka zuba wa bango ido. Kafin miya ta nuna, fitilar ta koma shuɗi.

Sun-im ta leƙa bayan na'urar. "Yanzu fa baƙi za ta yi."

"Bar ta ta yi," ya ce. "Baƙin da ke huhuna ya isa."

Ta ninke ledar gida huɗu ta cusa a aljihu, don hali ba ya barin mutum rana ɗaya. Sannan ta jawo allon janggi gaban abokansa, ta sa hannu ta cire masa takunkumin da kanta.